Daga fadamar Dagona zuwa allon waya: Yadda wasannin intanet ke bar wa ɗan wasa zaɓin gina jaruminsa

A Dagona, cikin Ƙaramar Hukumar Bade da ke arewacin Jihar Yobe, magidanta da dama ba sa jingina rayuwarsu ga sana'a guda. Idan ruwa ya malala fadama, shinkafa da su ne abin yi. Idan ya janye, sai a koma noman rani da kiwo. Ƙarfin mutum da lokacinsa ba su isa ya gwanance a komai ba, don haka kowane gida na lissafin inda zai fi zuba guminsa.

Irin wannan lissafi ne manyan kamfanonin wasannin kwamfuta suka shafe kusan shekaru 30 suna ƙoƙarin dasawa a cikin wasanninsu na intanet, waɗanda dubban mutane ke shiga duniya guda a lokaci guda, kowa da jarumin da yake sarrafawa. Jarumin yana tara maki ta hanyar yaƙi ko aiki, mai shi kuma ya zaɓi inda zai zuba su: takobi, kwari da baka, warkar da abokan tafiya ko ƙira. Jimillar waɗannan zaɓuɓɓuka ita ce ginin jarumi.

Tun farko hanya biyu aka bi. Ultima Online, wanda ya fito a 1997, bai ɗaure kowa a rukuni ba. Ya ba ɗan wasa maki 700 ya raba yadda ya ga dama, abin da ke nufin gwanancewa a fannoni bakwai kacal. World of Warcraft kuwa, a 2004, ya raba jarumai rukuni tara, kowanne da rassan ƙwarewa uku. A 2012 kamfanin Blizzard ya sare waɗannan rassa, ya mayar da su zaɓin ɗaya cikin uku a wasu matakai, domin yawancin 'yan wasa tsari ɗaya suke kwafa. Bayan shekaru goma, a 2022, ya dawo da rassan, tare da damar adana tsare-tsare da yawa da sauya su ba tare da biyan komai ba.

Path of Exile na kamfanin Grinding Gear Games da ke New Zealand, wanda ya fito a 2013, ya yi nisa fiye da haka. Bishiyar ƙwarewarsa na da gaɓoɓi fiye da 1,300, kuma dabarun yaƙi na zuwa ne daga duwatsun da ake dasawa a jikin makami ko sulke, wani dutsen yana sauya aikin wani. Shi kuma Albion Online, na wani kamfani da ke Berlin, wanda ya iso wayoyin hannu a 2021, ya ɗora komai a kan kayan da jarumi ya sa: ya sauya makami, ya sauya sana'a.

Dalilin wannan rige-rige na kasuwa ne. Wanda ya ga akwai wani tsarin da bai gwada ba zai sake dawowa. Shi ya sa Path of Exile ke buɗe sabon zango duk bayan 'yan watanni, kowa ya faro daga tushe.

Sai dai yawan rassa ba shi ke nuna yawan hanyoyin da za su ɓulle ba. Da zarar an saki sabon zango, gwanaye kan zauna su lissafa tsarin da ya fi ƙarfi, su wallafa, jama'a su bi. Wanda ya zo da nasa salon na iya rasa ƙungiyar da za ta ɗauke shi. Zaɓi dubu a allo, amma a aikace uku ko huɗu.

Akwai kuma ikon kamfani na sauya alƙaluma dare ɗaya, ya rage ƙarfin dabarar da wani ya shafe watanni yana ginawa. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun san kwatankwacin haka a zahiri. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ruwa ke isowa, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyinsa a wurare da yawa. Hukuncin da aka yanke a can sama ya fi cutar da wanda ba shi da sana'a ta biyu. A wasa lokaci da kuɗin data ake asara, a fadama kuwa abincin gida ne, amma darasin ɗaya ne: tsari mai adalci shi ne wanda sauya hanya a cikinsa bai fi ƙarfin talaka ba.

Nan ne maganar kuɗi ke shigowa. Diablo Immortal, wanda aka saki kyauta a wayoyi a 2022, ya sha suka saboda ƙarfin jarumi na da alaƙa da duwatsun da kuɗi ke saurin samarwa, kuma ba a sake shi a Beljiyam da Holan ba saboda dokokinsu kan akwatunan sa'a. Path of Exile kuwa ado da wurin ajiya yake sayarwa. Ga matashi a Gashuwa ko Nguru, musamman bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, bambancin tsare-tsaren biyu shi ne bambancin gasa da ciniki.

Batun ya shafi ofisoshin Abuja ta fuska biyu. Ta farko, kare mai saye: yadda ake sayar wa yara da matasa ƙarfi a cikin wasa abu ne da ya cancanci Hukumar FCCPC ta sa wa ido. Ta biyu, horo. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 ya sanya ƙirƙirar wasanni cikin fannoninsa. Amma daidaita rassan ƙwarewa aikin lissafi ne da gwaji kafin ya zama na zane, kuma manhajar da ta tsaya ga zane kaɗai ba za ta yaye wanda zai iya shi ba. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, na kusa da matasan da za su amfana.

Afirka ta riga ta gwada. Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, ya gina duniyarsa daga al'adun nahiyar. Mai neman irin wannan tushe a Yobe ba sai ya je nesa ba. A fadamar Dagona, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, masunci da manomi da makiyayi kowanne na da lokacin da ake neman sa, kuma babu wanda ya fi sauran amfani duk shekara. Wannan daidaito ne kamfanonin ƙetare ke ta nema tun 1997.