Mai Kwarmato a Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

Duk wanda ya ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, garin da ya mayar ribaɗi kuma aka binne shi a ciki a 1837, idan ya gangara fadama inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, ya zauna cikin manoma ya kasa kunne, ba zai daɗe ba sai ya ji an ɗauko zancen takin da aka ce an aiko amma bai iso ba, ko maganin asibitin da aka gani a kasuwa. Kuma zai lura kowa ya san hannun da abin ya bi, amma babu mai kama suna. Wannan shiru yana da dalili, kuma wajibi ne masu fafutukar kare masu kwarmato, wato masu tona asirin cin amanar dukiyar jama'a, su fahimce shi kafin su nemi talaka ya buɗe baki.

Mun tashi muna ƙyamar annamimi da munafuki, sannan musibar 'yan bindiga ta ƙaro mana kalmar infoma, mai sayar da asirin garinsu ga ɓarayin daji. Mutanen da suka binne 'yan uwansu bayan harin yankin Gandi na ƙasar Rabah a 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 inda aka kashe fiye da mutum 40, ba za a zarge su ba idan suna ƙin duk mai kai labari. Sai dai abin baƙin ciki, ƙyamar ta haɗa da wanda bai cancance ta ba, har aka jefa mai ha'inci da mai tona ha'inci cikin kwando ɗaya.

Malamanmu kuwa sun daɗe da warware wannan mas'ala. Imamu Nawawi, a cikin Riyadus Salihina da ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama gibar da aka haramta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci ga mai ikon hana shi, da neman taimako wajen gusar da munkari, da gargaɗin Musulmi kada a cuce su. Shehu Usmanu da kansa, a Kitabul Farƙi, ya zayyana ɓarnar sarakunan zamaninsa, har da gaisuwar da ake miƙa wa masu mulki. Ƙaninsa Abdullahi kuma, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'ar jihadi, bai rufe baki don na gida ne ba. Saboda haka magatakardan da ya ga an ƙirƙiri sunayen ma'aikatan bogi ya faɗa wa hukuma, umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna yake yi, matuƙar ya tabbatar da hujjarsa kuma maslahar jama'a ya nufa, ba huce haushi ba.

Gwamnatin Tarayya ta shigo lamarin a Disambar 2016, lokacin da Ma'aikatar Kuɗi a ƙarƙashin Kemi Adeosun ta fito da tsarin ba mai kwarmato ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Da farko abin ya yi armashi: a Afrilun 2017 hukumar EFCC ta gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi ta Legas, kuma bayan jan ƙafa aka biya wanda ya nuna wurin naira miliyan 421. Amma tsarin umarnin ofis ne, ba doka ba. Ya yi alkawarin lada, bai gina katangar da za ta tsare mutum daga ramuwar shugabansa ba. Aaron Kaase, ma'aikacin hukumar kula da aikin 'yan sanda, ya kai ƙorafi a 2015 aka dakatar da shi, sai a 2018 ya koma bakin aiki. Ntia Thompson, na wata hukuma a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, an sallame shi a farkon 2017, sai da aka yi ta kururuwa a jaridu kafin a mayar da shi. Idan Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, an dakatar da shi a Fabrairun 2014 bayan ya yi maganar dala biliyan 20 na kuɗin mai, ina ga ɗan akawun ƙaramar hukuma?

A wannan giɓi ne ƙungiyoyi suka tsaya, kuma sun cancanci yabo. Cibiyar AFRICMIL ta Abuja, ƙarƙashin Chido Onumah, ta buɗe shiri a 2017 na bin kadin waɗanda aka kora, da kai maganarsu ga jaridu, da matsa wa majalisa ta yi doka. A shekarar kuma aka kafa ƙungiyar PPLAAF a Dakar domin samar wa masu kwarmato na Afirka lauyoyi da amintacciyar hanyar isar da bayani. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin Ghana ta yi dokarta tun 2006, alhali a nan Majalisar Dattawa ta amince da ƙuduri a 2017 bai zama doka ba, majalisar zartarwa ta sake amincewa da wani daftari a Disambar 2022, wa'adin gwamnatin ya ƙare ba a sa masa hannu ba.

Sai dai ni a ganina, ko an yi dokar gobe, da sauran aiki a ƙauyuka irin su Sisawa, domin fafutukar har yanzu ta ɗakunan taron Abuja ce, da Turanci ake yin ta. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, idon da zai tsare dukiyar nan na mutumin cikin sakatariya ne, shi kuwa wanda zai tona wa asiri wataƙila surukinsa ne, ko wanda suke sahu ɗaya a masallaci. Ba kora kaɗai yake tsoro ba. Yana tsoron mahaifiyarsa ta kira shi ta ce, "Ɗana, ka rufa mana asiri, a garin nan za a binne mu." Wannan magana babu sashen doka da zai amsa ta, sai limamin Juma'a ya bambance giba da shaida a huɗuba, sai gidan rediyon Rima ya bayyana da Hausa inda ake kai ƙara da yadda ake sakaya suna, sai uban ƙasa ya kira irin wannan bawan Allah gaban fada ya sa masa albarka jama'a suna gani, ranar sunan ɗansa kuma dattawan unguwa su zo su karɓi goro kamar yadda suka saba.