Motar da ke bin masu keke: ruwa ma yana iya zama haɗari

A Birtaniya akwai masu tuƙa keke daga Land's End zuwa John o' Groats don tara kuɗin agaji, tafiyar kilomita kusan 1,400 da kan ci kwana 10 zuwa 14. Galibi mota na biye da su, ɗauke da abinci, tayoyi da kayan taimakon gaggawa. In aka ba ka aiki a wannan mota, kada ka zaci faci ne babban aikinka. Jikin mahayan za ka sa wa ido.

Tsoka da hanta suna adana sukari a matsayin gilaikojin, kimanin giram 500, kuma tuƙi mai tsanani kan cinye yawancinsa cikin awa biyu. In ya ƙare, ƙafafu su yi nauyi, kai ya ɗaure. Shi ya sa ake miƙa abinci tun kafin a ji yunwa, kamar ayaba ɗaya ko biyu kowace awa.

Ruwa ya fi rikitarwa. Gumi yana fita da gishirin sodiyam, don haka wanda ya dinga kwankwaɗar ruwa zalla fiye da abin da yake zubarwa zai iya tsinka sodiyam ɗin jininsa. Ciwon kai, amai, ruɗewa: alamun sun yi kama da na ƙarancin ruwa, nan ne tarkon yake. Ka ƙara masa ruwa, ƙwaƙwalwa na iya kumbura. Saboda haka sa sikeli a motar, ka auna kowa safe da yamma. In nauyin mutum ya ƙaru bayan yini a kan keke, kuma ya ruɗe, asibiti za ka nufa da shi.