Faransa: Sa'o'in ɗan jagora ga makafi kurame

A biranen Paris da Lyon, mutumin da ba ya gani kuma ba ya ji ya dogara ne ga ɗan jagora, wanda ke riƙe hannunsa a tashar jirgin ƙasa, ya kuma isar masa da maganar likita ta alamu a cikin tafin hannu.

Shekara da shekaru, hukumomin Faransa na biyan kuɗin sa'o'i 50 na taimako a wata saboda makanta, ko 30 saboda kurumta, amma ba a haɗa wa mutum duka biyun. Wata doka ta Afrilun 2022 ta sauya wannan tsari. Tun daga Janairun 2023 ana ba su sa'o'i 30, 50 ko 80, gwargwadon tsananin lalurar. Ko masu 80 ɗin ma, rabonsu bai kai sa'o'i uku a rana ba.