Birai Cikin Tufafin Attajirai

A gidan tarihi na Frans Hals da ke birnin Haarlem, a ƙasar Holan, akwai wani ɗan ƙaramin zane da ba a wuce shi ba a yi murmushi ba. Birai ne cike da fili, kowanne ya sha ado irin na manyan 'yan kasuwa, wani ma har da takobi a ƙugu. Wannan na duba takardar sunayen furanni, wancan na auna ƙwayar shuka a sikeli, wasu sun ƙulla ciniki suna musabaha, wasu kuma sun baje a teburi suna cin daɗi. To amma idan ido ya gangara hannun dama, sai labari ya sha bamban. An gurfanar da wani biri gaban alƙali, wani na sharar hawaye, can nesa an ɗauko gawar wani za a kai kabari. Ga kuma wani ya tsaya yana tsula fitsari a kan furannin da jiya ake rububinsu.

Jan Brueghel Ƙarami ne ya zana shi wajajen 1640. Shi ba mutumin Holan ba ne, ɗan birnin Antwerp ne da ke kudu, saboda haka akwai ƙanshin dariyar maƙwabci a cikin aikin.

Abin da yake wa ba'a shi ne haukan furen tulif. Daga daular Usmaniyya furen ya shigo Turai, kuma tun da masanin tsirrai Carolus Clusius ya koma Leiden a 1593 ya fara samun gindin zama a Holan. Ƙwayarsa kamar albasa take. Wanda aka fi so shi ne mai ratsi-ratsi, irin su Semper Augustus mai fari da ja, kuma ba wanda ya san a lokacin cewa cuta ce ke haifar da wannan ratsin. Har da ma'aunin maƙeran zinariya ake auna ƙwayar.

Matsalar tana nan: ƙwayar na kwance a ƙasa tun daga kaka har zuwa watan Yuni. Saboda haka a hunturun 1636 zuwa 1637 abin da ke yawo a mashaya takarda ce kawai, alkawarin ƙwayar da mai saye bai gani ba, sau da yawa mai sayarwar ma bai taɓa riƙe ta ba. Bahaushe zai ce cinikin biri a sama. Su kuwa 'yan Holan suka raɗa masa suna cinikin iska. A ranar 5 ga Fabrairun 1637 an yi gwanjon ƙwayoyin wasu marayu a garin Alkmaar aka tashi da kusan gilda 90,000, alhali ƙwararren mai sana'a na samun wajen gilda 300 ne a shekara. A cikin wannan makon ne kuma aka nemi masu saye a Haarlem aka rasa, farashi ya rikito.

Wannan kalma ta iska ita Hendrik Pot, mai zane mazaunin Haarlem, ya mayar hoto, kuma nasa ya fi na Brueghel cizo. Ya zana keken da iska ke turawa da ƙaton mayafi irin na jirgin ruwa, abin da mutanen ƙasar suka sani tun da Simon Stevin ya ƙera irinsa aka tuƙa a bakin teku wajajen 1600. A sama Flora ce zaune, wadda Romawa suka ɗauka allahiyar furanni, ta rungumo tulif. Abokan tafiyarta sanye suke da hulunan wawayen sarki: ɗaya na kwankwaɗar giya, ɗaya ya ƙanƙame jakar kuɗi. A bayan keken masaƙan Haarlem ne suka watsar da kayan saƙarsu suna bi da gudu, hannuwa a miƙe, kowa na so a ja shi sama. Ba wanda ya kula cewa teku keken ya nufa.

Ba daga sama wannan salo ya faɗo ba. Tun a 1514 Quentin Matsys ya zana ɗan canji yana auna tsaba, matarsa ta buɗe littafin addu'a amma idonta na kan kuɗin. A 1627 Rembrandt ya zana tsohon attajiri yana duba tsabar kuɗi da hasken kyandir, takardu sun kusa binne shi.

Sai dai mai zane ba magatakarda ba ne. Anne Goldgar, masaniyar tarihi da ta tona takardun kotu da na 'yan kasuwa ta fitar da littafi a 2007, ta nuna cewa akasarin masu cinikin 'yan kasuwa ne da masu sana'a masu rufin asiri, ba talakawan masaƙa ba, kuma tattalin arzikin ƙasar bai girgiza ba. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne karya alkawari: waɗanda suka yi musabaha suka ƙi biya. A 1638 hukumar Haarlem ta yanke cewa mai saye zai iya warware cinikinsa idan ya biya kashi uku da rabi cikin ɗari na kuɗin da ya yi alkawari. Wajen shekara biyu bayan haka ne Brueghel ya ɗauki burushi ya sa birai ɗaukar gawa.