Garaya: Wa Zai Gaji Tsirkiyar?

Rani biyu ke nan ina zuwa wani ƙauye a ƙasar Dambatta domin koyon garaya wajen wani dattijo, tsohon makaɗin mafarauta. Abokan aikina sun sha zolayata: "Dakta, roƙo ka koma?"

Ranar farko dattijon ya ce da ni, "Malam, daina ƙirga bugu. Faɗi kirarin a bakinka, yatsa zai bi." Nan na fahimci cewa tsirkiya biyun nan karin sautin Hausa suke bi, hawa da sauka, abin da na shekara goma sha ina koyarwa a aji da alli.

Sai dai babu mai gadonsa. A wannan yanki gona ta haɗe da gona, dajin farauta ya ƙare, 'ya'yansa kuwa suna Kano suna tuƙa adaidaita sahu.

Turawa ma sun taɓa yin irin wannan rashi. Suna da nasu molon mai suna "lut", sunan da ya fito daga "al-ud" na Larabci. A shekarar 1507 Ottaviano Petrucci ya buga littafin kiɗansa na farko a Italiya, da rubutun da ke nuna tsirkiyar da za a taɓa da inda yatsa zai danna. Da irin wannan rubutu aka adana kiɗan John Dowland na Ingila, wanda ya mutu a 1626, da na Silvius Leopold Weiss na Jamus, wanda ya mutu a 1750. Daga baya molon ya yi shiru kimanin shekara ɗari, har Arnold Dolmetsch ya sassaƙa sabo a 1893. Takardun nan ne suka zama malaman masu koyo.

Mu fa? Ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 ya adana sunayen garaya da gurmi da molo da kuntigi, amma suna ba ya koya wa hannu kiɗa. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Faifansa na nan, yatsunsa sun tafi.

Saboda haka ina kira ga sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu: a ɗauki hoton bidiyon hannun waɗannan dattawa, a rubuta kowane take tare da kirarinsa da karin sautinsa. Ni dai na rubuta bakwai. Dattijon ya ce saura da yawa, kuma hannunsa ya soma rawa.