Ladabin Kawo Aya Cikin Rubutaccen Wa'azi A Majami'un Maiduguri

Duk wanda ya taɓa shiga wata majami'a a Maiduguri ran Lahadi da safe, ko ta 'Yan'uwa da ke Wulari, ko babbar majami'ar Katolika ta Saint Patrick, zai lura da wani abu guda. Da zarar mai wa'azi ya ambaci sura da aya, sai ka ji motsin takardu ya cika ɗaki, wasu kuma su duƙufa kan wayoyinsu, kowa yana neman wurin da a ka ambata. A yau ba a nan wa'azin ya ke ƙarewa ba, domin akan ɗauki muryar mai wa'azi, wani matashi ya zauna ya mayar da ita rubutu, a buga a takardar majami'a ko a aika wa 'yan'uwa na nesa. To, a hannun wannan matashi ne amana ta ke, gama kuskuren baki iska kan tafi da shi, amma na alƙalami yakan daɗe yana yawo.

Wannan batu ba baƙo ba ne a ƙasar Barno, inda a ka san darajar hadda da rubutun Alƙur'ani tun zamanin sarakunan da. Almajirin tsangaya ya san ba a ƙara wasali ko a rage shi, ya kuma san bambancin nassi da fassarar malam. Irin wannan kiyayewa ce a ke bukata ga mai rubuta wa'azin Kirista, sai dai shi matsalolinsa na dabam ne.

Asalin Lambobin

Da fari ya kamata a san cewa lambobin sura da aya ba tare da littattafan su ka zo ba. Wani malamin Ingila, Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari, shi a ke danganta wa rabon surori a farkon ƙarni na 13. Ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani maɗabi Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa musu lamba a birnin Janeba. Watau dai lambobin nan aikin mutane ne don sauƙaƙa nema, kamar lambar gida a unguwa, saboda haka wani lokaci sukan yanke magana a tsakiya. Littattafai 66 da Furotesta ke riƙe da su suna da surori 1,189, na Katolika kuwa littattafai 73 ne.

Fassarar Hausa ma tana da alaƙa da Barno. A Kukawa ne a ka 'yanta wasu yara biyu, Dorugu Bahaushe da Abbega ɗan ƙabilar Margi, waɗanda Bajamushen nan Heinrich Barth ya tafi da su Ingila a 1855. Daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya ƙara ƙwarewa a Hausa, har ya fitar da fassarar Bishara ta Matiyu a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da wata sabuwar fassara wajen 1980, sa'an nan a wannan ƙarni a ka sami wadda a ke kira Sabon Rai Don Kowa.

A nan ne wahala ta fari ta ke, domin sunayen littattafan sun sha bamban. Abin da tsohuwar fassara ta kira Yohanna, ta biyu ta kira shi Yahaya. Misalai ya koma Karin Magana, Mai Wa'azi ya koma Mai Hadishi, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a. Dattijon da ya girma da ta 1932 ba ya sakinta, jikansa kuwa ta cikin waya ya sani. Saboda haka wajibi ne marubuci ya faɗi a farkon takarda wace fassara a ka karanta, in kuma mai wa'azi ya ɗauko wata dabam a tsakiya, a nuna nan take.

Yadda A Ke Jera Su

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a Nijeriya ita ce a rubuta sunan littafi, sai lambar sura, sai ruwa biyu, sai lambar aya, kamar Luka 15:11. In ayoyin a jere su ke, a haɗa su da karan ɗori, kamar Luka 15:11-32. In an tsallake wasu, a raba da waƙafi, kamar Zabura 119:9, 11. In an koma wata sura, sai waƙafi mai ruwa, kamar Romawa 5:8; 8:1. Littattafan da ke da na fari da na biyu, lambarsu a gaba ta ke zuwa, kuma mantuwa da ita babban kuskure ne, gama Yahaya 3:16 dabam, 1 Yahaya 3:16 dabam. Akwai kuma littattafai biyar masu sura ɗaya tak, watau Obadiya, Filimon, 2 Yahaya, 3 Yahaya da Yahuza, waɗanda akan rubuta lambar aya kaɗai bayan sunansu.

Maiduguri tana maƙwabtaka da Cadi da Kamaru da Nijar, inda masu bin tsarin Faransa sukan sa waƙafi tsakanin sura da aya. Wanda bai sani ba, in ya ga Luka 3,16 sai ya zaci sura ta 3 da ta 16 a ke nufi. Haka kuma tsofaffin littattafan addu'a na Katolika da su ka bi lissafin Latin sukan rage ɗaya a yawancin Zabura, har ta 23 ta zama ta 22. Game da gajarta suna kuwa, gara a guje mata, domin Fil. na iya zama Filibiyawa ko Filimon, Yah. na iya zama Yahaya ko Yahuza. Tawadar da a ka yi tsimi ba ta kai ruɗanin da a ka jawo ba.

Nassi Da Bakin Mai Wa'azi

Babbar matsala ita ce ta raba nassi da bayani. Majami'un Maiduguri sun tara Bura da Margi da Kibaku da mutanen duwatsun Gwoza da baƙi daga kudu, don haka sau da yawa akan yi wa'azi da Turanci, tafinta yana juyawa da Hausa. Abin da tafinta ya faɗa a tsaye, kome iyawarsa, ba shi ne lafazin da ke cikin Littafin ba. Hanya madaidaiciya ita ce marubuci ya buɗe Littafin ya gwada. In lafazin ya yi daidai, ya sa shi cikin alamar zancen wani, ya biyo da sura da aya cikin baka biyu. In ma'ana ce kawai a ka kawo, ya bar ta ba alama, ya rubuta “dubi” kafin lambar. In an tsallake kalmomi a tsakiyar aya, ɗigo uku su nuna gurbinsu.

In kuwa mai wa'azi ya yi tuntuɓen harshe, ya ce Ishaya alhali Irmiya ya ke nufi, bai kamata a gyara a ɓoye ba, bai kuma kamata a bar kuskuren ya wuce ba. Sai a koma wurinsa da ladabi a nuna masa, a gyara da saninsa. Haka nan akwai maganganun da su ka zauna a bakin jama'a har a ke zaton ayoyi ne, kamar “Allah ya ce tashi in taimake ka”. Karin magana ce mai kyau, amma ba ta da sura ba ta da aya. Masu hikimar nan na gabas ma da a ke cewa su uku ne, Matiyu sura ta 2 ba ta faɗi yawansu ba, kyautai uku ta lissafa.

Har ila yau dole a kula da mai magana a cikin ayar. Littafin Ayuba cike ya ke da jawaban abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, waɗanda a sura ta 42 a ka tsauta musu don ba su faɗi daidai ba. Wanda ya ciro jimla daga bakinsu ya rubuta cewa Allah ne ya faɗa, ya yi wa nassi ƙarya ko da lambar da ya sa daidai ce.

Abin Da Ya Sa A Damu

Wani zai ce duk wannan ƙaƙale ne na 'yan boko. To, amma a tuna da abin da garin nan ya gani. An ƙone majami'u a Maiduguri a Fabrairun 2006 da Yulin 2009, kuma a Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram su ka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke Kwarhi, majami'ar da tushenta ya faro daga Garkida a 1923. Dubban mutane sun baro garuruwansu ba su ɗauko ko littafi ba. Ga irin waɗannan, wani lokaci rubutaccen wa'azi shi ne abin karatun da ya rage, kuma ba su da hanyar gane kuskure in an yi. Ban da wannan, a gari mai addini biyu, takarda takan faɗa hannun da ba a zata ba, maganar da a ka jingina wa Littafi ba bisa gaskiya ba kuwa tana iya zama sanadin husuma.

Saboda haka muna ganin ya kyautu kowace majami'a ta tsara 'yar takardar ƙa'ida, ko da shafi ɗaya ce, ta ba masu rubuta mata wa'azi, makarantun horon fastoci kuma su sa wannan cikin darasi. Sa'an nan kada a saki rubutu sai mutum na biyu ya zauna da Littafin a buɗe, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Aikin rabin sa'a ne, amma shi zai sa mai karatu ya amince da abin da ke hannunsa.