Daga Ƙwarya Zuwa Langa: 'Ya'yan Itace A Aikin Zane

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, tun kafin a san fenti da buroshi mata ke girmama duma, ko da yake shi yaɗo yake yi, ba itace ba ne. Shi ake fafewa a yi ƙwarya, a zana mata ado da wuƙa ko ƙarfe mai zafi, sa'an nan a jera a ɗakin amarya. Yawan ƙoren jere shi ke nuna gatan yarinya da arzikin gidansu.

Da langa da farantan fenti suka cika kasuwanni a ƙarni na 20, sai suka ture ƙwarya daga jere, masu sassaƙa kuma suka rasa ciniki mai yawa. A jikin kwanonin nan akan ga furanni da tuffa da inabi, abubuwan da manomin Kebbe bai saba gani a gonarsa ba. Duk da haka mata suka karɓe su a matsayin alamar wadata da wayewa.

A ƙasashen Turai kuwa ma'anar ta sha juyawa. Wajen 1599 wani mai zane na Italiya, Caravaggio, ya zana kwandon 'ya'yan itace, da tuffar da tsutsa ta huda da ganye masu yaushi, masana da dama suna ɗaukarsa tunatarwa ce cewa duniya ba matabbata ba ce. Kafin shi, wajen 1591, Arcimboldo ya haɗa fuskar Sarki Rudolf na Biyu da 'ya'yan itace da kayan lambu, watau kirari ne na yalwa a zamanin mulkinsa. A 2024 kuma aka sayar da ayabar da Maurizio Cattelan ya manna a bango a kan dala miliyan 6.2 a birnin New York, abin da a ganinmu ya fi kusa da ba'a.

Masu zanen fuskoki na ƙasarmu sun fi mayar da hankali ga rawani da alkyabba da babbar riga, alhali ga goro a hannunsu, wanda kowane Bahaushe ya san fassararsa: goron gayyata, goron albishir, goron Salla. Hoton dattijo da fari ƙal a tafinsa, ko na yarinya da tallan kanya da magarya, zai gaya wa mutumin Tambuwal abin da tuffar jikin langa ba ta taɓa gaya masa ba.